Neman Kifin Saman: Daga Manhyia Zuwa Elmina Da Ada Foah

Duk wanda ya tashi a zangon Kumasi ya san saman tun kafin a sa shi makarantar allo. Ka tsaya wajen mai wake da shinkafa a Alabar ko Aboabo da sassafe, bayan ta tambaye ka na nawa, abin da zai biyo baya shi ne: ƙwai, ganda ko saman? Yana cikin miyar tuwon zafi, yana gefen dokunu da shito, yana cikin miyar gyaɗar da ake kai wa mai jego. Daga bakin Tonawa muka ɗauki sunan, su kuma daga Turanci suka lanƙwaso shi, wato salmon. To amma fa kifin da muke ci ɗin nan ba salmon ba ne, ko dangi ba su haɗa ba. Turawa makarel suke ce masa, mai baƙin zane a gadon baya, mai yawan maiƙo, wanda 'yan uwanmu na Kano da Zariya suke kira titus.

Akwai irinsa a tekun Ghana, yana shigowa tare da amane lokacin da ruwa ya yi sanyi, sai dai mafi yawan wanda ke shiga tukunyarmu ba masuntan ƙasar nan suka kamo shi ba. A daskare yake zuwa cikin katan-katan. Jiragen ruwa su sauke shi a Tema daga Muritaniya da Maroko da wasu ƙasashen Turai, motoci masu firji su hauro da shi zuwa ɗakunan ƙanƙara na Asafo, mata su saya su yi bandarsa a bayan gida. Shi ya sa kuɗinsa ke bin dala. Ranar da sidi ya faɗi, uwargida ce za ta fara sanar da kai kafin rediyo.

Shi salmon na gaskiya kifin ƙasashen sanyi ne, jan nama gare shi. Ruwan da zafinsa ya haura digiri 20 wahala yake ba shi, balle namu da kan kai 28 ko 29 a watan Maris da Afrilu. A ƙoramar ruwan daɗi ake ƙyanƙyashe shi, in ya tasa ya gangara teku ya yi shekaru yana kiwo. Idan ya yi ƙiba sai ya juyo, ya bi kogin nan da ya fito, yana tsallake duwatsu yana hawan gangaren ruwa, har ya isa inda aka haife shi ya zuba ƙwai. Na tekun Fasifik daga nan ba ya sake fita, a nan yake mutuwa. Mu da kakanninmu suka zo sayen goro suka ce bana za su koma, baɗi za su koma, har aka binne su a Tafo, sai dai mu ce kifin nan ya fi mu cika alkawarin komawa gida. Wanda kake gani a manyan kantunan Ankara kuwa galibi na kiwo ne, a keji ake renonsa cikin teku. Norwe ce kan gaba a wannan sana'a, Chile na bin ta.

Ta waya maganarsa ta shigo gidanmu. Ɗan yayata da ke aikin tuƙi a gefen Siyatil, can arewa maso yammacin Amurka, ya turo hotonsa cikin ƙaramin jirgi, ya rungumo kifi kamar jariri. Ba don sayarwa ba, ba don babu cefane a gida ba. Hutu ne kawai shi da abokan aikinsa. Da na kira shi, ya ce, "Kawu, ai kamun ba shi ne wahalar ba, dokokin ne." Sai ka sayi lasisi. Sai a ba ka kati da za ka rubuta duk kifin da ka ɗauka da ranar da wurin. An raba gaɓar tekun yanki-yanki, kowane da lambarsa, hukuma ta buɗe wannan na 'yan makonni ko 'yan kwanaki ta rufe wancan, gwargwadon ƙiyasin yawan kifin da ke dawowa a shekarar. Ƙugiyar ma dole ta zama marar ƙayar nan da ke maƙalewa, don in ka kamo wanda bai halatta ba ka sake shi bai ji ciwo sosai ba. A wurare da yawa, wanda aka ƙyanƙyashe a gidan kiwo aka saka a kogi shi ake yarda ka tafi da shi, kuma ana gane shi ne da wani ɗan fiffike kusa da wutsiya da aka yanke masa tun yana ƙarami. Wanda nasa ke nan ɗan daji ne, sai ka mai da shi ruwa. A rana ɗaya ko biyu aka yarda maka. A jihar Kalifoniya, da kifin ya yi ƙaranci, rufe kamunsa a teku aka yi ɗungurungum a 2023 da 2024, da 'yan kasuwa da masu nishaɗi duk aka ce su zauna a gida.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mutanen da ba yunwa ce ta kai su ruwa ba sun san halin da tekunsu ke ciki har da ƙirge, mu kuwa da muke cin kifi safe da dare ba mu san namu ba. A Ghana kusan kashi 60 cikin 100 na abin da jama'a ke samu daga naman dabba kifi ne, amma mu 'yan Kumasi iyakar ruwanmu tafkin Bosomtwe, inda masunta ke hawa guntun katako suna tuƙi da hannu. Don haka da Agusta ta kama, na rufe shago na 'yan kwanaki na gangara.

Daga tashar Asafo motar Cape Coast ke tashi. Ka wuce Anwiankwanta da Fomena, ka haye kogin Pra a Praso, ka ratsa Assin Fosu da Assin Manso, inda ake tsayawa da bayi su yi wankan ƙarshe kafin a kai su bakin ruwa, sai ka faɗa babban titin gaɓa a mararrabar Yamoransa. Tafiyar ta ɗan haura kilomita 200. Wannan hanya ce aka bi da Sarkin Tonawa Prempeh na ɗaya a 1896 lokacin da Turawan Ingila suka kama shi. A gidan kurkukun Elmina suka fara ajiye shi, daga nan Saliyo, daga nan tsibiran Seshel, bai dawo ba sai 1924. Tsohuwar fadar Manhyia da muke wucewa ta gabanta kullum, wadda yanzu ta zama gidan tarihi, saboda dawowarsa aka gina ta a 1925. Na kwana a zangon Kotokuraba wajen wani abokin ciniki, da asuba bayan salla muka kama hanyar Elmina, tafiyar da ba ta kai ta rabin awa ba.

Wari ne ke fara tarbarka, na gishiri da hayaƙi da kifi da man inji. Sai farin ginin da mutanen Fotugal suka kafa a 1482, yana tsaye a kan dutse, teku na dukan gindinsa. A ƙarƙashinsa akwai gada a kan mashigar tafkin Benya, kuma a kan gadar nan ya kamata baƙo ya tsaya. Kwale-kwale ne ɗaruruwa, sun cunkushe kamar motoci a Kejetia ranar jajibiri, kowanne da tutocinsa da fentinsa, wani an rubuta masa addu'a, wani habaici, wani sunan ƙungiyar ƙwallo. Ba irin namu na kogin Kwara ba ne. Akwai wanda ke ɗaukar mutum ashirin da taru da jarkokin mai. Ƙasan kowanne gungumen itacen wawa ne guda ɗaya, an fafe shi, sannan aka ɗora katako a gefe. Daga dazukan da ke kewaye da mu ake sassaƙo su a ɗoro a mota, saboda haka jirgin da ke kamo mana kifi ɗan ƙasar Tonawa ne ya je ci-rani bakin teku. A duk gaɓar Ghana, mai tsawon kusan kilomita 550, irin waɗannan jirage sun haura 11,000.

Na yi zaton zafi zan tarar, sai ga shi ina neman rigar sanyi. Sama ta yi toka-toka, hazo ya kwanta a kan ruwa, ruwan kuma ba shuɗi ba ne, kore ne mai duhu. Wannan shi ne sirrin duk abin da ke faruwa a wurin. Daga wajen ƙarshen Yuni zuwa Satumba, iska da igiyar ruwa suna ture ruwan sama mai ɗumi zuwa can ciki, sai na ƙasa mai sanyi ya taso ya maye gurbinsa. Yana tasowa da taki, kamar yadda ambaliya ke bar wa fadama laka. Ƙananan tsirrai da ƙwarin da ido ba ya gani su yaɗu, su ne suke mai da ruwan kore. Amane ya zo cin su garke-garke ya kuma zuba ƙwai, saman ya biyo, 'yan mitsi-mitsin nan da muke kira 'yan makarantar Keta su ma su zo, manyan kifaye su biyo bayansu duka. Zafin ruwan kan sauko ƙasa da digiri 25. Wannan shi ne daminar masunta. Akwai wata ƙarama ta 'yan makonni tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin hunturu, amma ba ta kama ƙafar ta Agusta ba. Sanyin nan da yayyafin da muke ji a Kumasi cikin Agusta, har tsofaffi su nemi mayafi, ɗan uwan sanyin ruwan ne.

Wani dattijon masunci da ke gyaran taru a inuwar jirgi ya ƙara mini da lissafin wata. Da ya ga hulata ya ce, "Kramo, ku da kuke duban wata don azumi, ai ku ya kamata ku fi kowa sanin kuɗin kifi." A duhun wata garken amane yana walƙiya cikin ruwa da dare, daga nesa ake hango shi a kewaye shi da taru. In wata ya yi goma sha huɗu, farin wata ya baje, ba a ganin komai, jirage su dawo da sauƙi, kifi ya yi tsada. Ranar Talata kuma ba a fita. Al'ada ce tun ta kaka da kakanni a yawancin garuruwan gaɓa, a ce ranar hutun teku ce, a zauna a ɗinke taru. Bikin Bakatue na Elmina, da ake buɗe tafkin Benya da shi, shi ma a Talatar farko ta Yuli ake yin sa. Mai son ganin saukar kifi kada ya ɓata kuɗin motarsa ya iso ran Talata.

Maza ke shiga ruwa, amma kuɗin a hannun mata yake. Masunta suna da sarkinsu, mata masu sayen kifi suna da tasu sarauniya, kuma da ita ake yanke farashin kwano da safe. Da yawa cikin jiragen mace ce ta sayi man tafiyar, ta ba da kuɗin abinci, wani lokaci injin ma nata ne, da sharaɗin in an dawo ita za a fara sayar wa. Ɗan kasuwar zango ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan. Haka iyayen gidanmu suke yi da masu kawo shanu daga arewa. Daga bakin ruwa ake kwashe kifin a manyan kwanoni zuwa murhun banda, irin na laka mai faifan raga da ake jerawa wani kan wani har goma ko fiye. Murhun Chorkor ake ce masa, da sunan unguwar masunta ta Ankara inda aka ƙirƙiro shi a 1969. In an busar da amane da kyau yana yin watanni bai lalace ba. A danƙara shi cikin manyan kwanduna a rufe da takarda a ɗaure da raga, ya hau mota zuwa Mankessim da Kumasi da Techiman da Tamale da Bolga, har ya tsallaka Burkina. Shi ne kifin talaka. Garinsa ne ke ba shito ɗanɗano.

To a tsakiyar daminar nan tasu na tsaya, na ga jirgi mai mutum kusan ashirin ya kwana a ruwa ya dawo da abin da bai cika kwano uku ba, ga leda da robobi cikin tarun. Na ga murahu a jere babu wuta. Wata uwar banda da ta ji daga Kumasi nake ta ce, "Alhaji, da a ce shekarun baya ne ka zo a wannan wata, ba za ka sami inda za ka taka ba." Lissafi ya gaskata ta: amanen da aka sauke a Ghana ya faɗo daga kimanin ton 135,000 a 1996 zuwa kimanin 29,000 a 2016.

Kowa ka tambaya yana da wanda yake nuna wa yatsa. Masu kwale-kwale suna cewa manyan jiragen jan taru ne. Dokar kamun kifi ta 2002 ta keɓe wa ƙananan masunta ruwan da ke kusa da gaɓa, ta bar wa manyan jirage kifin ƙasan teku a can ciki. Amma shekara da shekaru manyan suna kwashe amane da 'ya'yan kifi, su daskarar da su fale-fale kamar bulo, wasu kwale-kwale na musamman su je cikin dare su sayo su kawo Elmina da Apam. Wannan ciniki shi ake kira saiko. Ƙungiyoyin EJF da Hen Mpoano sun ƙiyasta cewa a 2017 kaɗai kimanin ton 100,000 ne ya shigo ta wannan hanya, kuma EJF ta ce kusan kashi 90 cikin 100 na manyan jiragen, duk da tutar Ghana da suke ɗauke da ita, suna da alaƙa da masu kuɗin ƙasar Sin. A 2021 Tarayyar Turai ta sake yi wa Ghana gargaɗi kan kamun kifi ba bisa ƙa'ida ba, gwamnati ta matsa, sauke saiko a fili ya ragu ƙwarai. Sai dai su ma masu kwale-kwalen hannunsu ba a wanke yake ba. Akwai masu zura fitila mai janareta cikin ruwa don tara kifi ko ba lokacinsa ba, akwai masu taru mai ƙananan idanu da ba ya barin ko jariri, akwai masu jefa nakiya da zuba guba. Jiragen kuma sun yi wa kifin yawa, ga man firimis da gwamnati ke rage wa kuɗi yana ƙara tura mutane ruwa. A 2019 aka fara rufe teku ga masu kwale-kwale na wata guda, a 2021 aka mai da shi watan Yuli, manyan jirage kuma wata biyu, don a bar kifi ya zuba ƙwai. Masunta sun yi ta ƙorafi, kuma ban ga laifinsu ba. Mai iyali goma da ba shi da gona, in ka ce ya zauna wata guda, sai ka gaya masa abin da zai ci. Amma wanda ya cinye iri da rani shi ma ba shi da abin shukawa.

Mu ma na tudu muna ciki. Bulon saikon nan ai ba a Elmina aka cinye shi duka ba, ya hau mota ya zo kasuwanninmu, mun saya don ya fi araha. Kuma duk kwandon amanen da bai iso Kumasi ba, katan ɗin saman ne daga Tema ke cike gurbinsa, a biya da dala.

Daga nan na nufi gabas, don an ce mini in dai masu kamun kifi na nishaɗi nake nema, irin na ɗan yayata, to Ada Foah zan je. Ka ratsa Ankara da cunkosonta, ka wuce Tema, ka bi titin Aflao har mararrabar Kasseh, ka karya dama. Kilomita 100 da ɗoriya ne daga Ankara. A nan kogin Volta ke shiga teku, ya bazu ya yi tsibirai masu itatuwan kwakwa. Sunan Ada ba baƙo ba ne a tarihin fataucinmu: gishirin tafkin Songor daga nan ake lodinsa a jirage a haura kogi da shi zuwa Kete Krachi, garin da Alhaji Umaru ya zauna har ya rasu a 1934, Hausawa su saya su wuce da shi arewa.

Yanzu bakin kogin gidajen hutu ne na masu hali, da jirage masu gudu a ɗaure a ƙofar gida. Dalilin da ya sa masu neman manyan kifaye suka zaɓi nan, ba Elmina ba, yana ƙarƙashin ruwa. Ƙasan teku ba ya zurmawa nan take. Yana gangarawa a hankali kamar fadama, sannan ya yanke ya faɗa rami mai zurfin gaske. Tsakanin Cape Coast da Takoradi wannan fadama tana da faɗi, ta kai wajen kilomita 80 ko 90, shi ya sa can ne makiyayar amane. A gabas kuwa, ta wajen bakin Volta, ta tsuke ƙwarai, jirgi mai inji ba ya daɗewa ya isa bakin ramin. A can ruwa yake shuɗi, mai ɗumi, garau, kuma a can ake samun tuna da kifin nan mai dogon baki kamar mashi da ake kira malin. Ada ta yi suna da shi a wajen masu wannan wasa, har daga Turai da Amurka ake zuwa. Ba ƙaramar dabba ba ce: mafi girma da aka taɓa kamawa da fatsa a tekun Atlantika, a gaɓar Brazil a 1992, ya kai kilo 636, ya fi bijimin layya. Ana jan kifin roba a bayan jirgi yana tafe, in ya kama, a ɗaure mutum a kujera ya yi awa ɗaya ko uku yana ja-in-ja da shi. Kuɗin hayar irin wannan jirgi na yini guda, da aka gaya mini, sai na ce Allah ya ba da sa'a.

Na ɗauki hayar ƙaramin kwale-kwale mai inji muka tsaya cikin kogi, ni da wani saurayi ɗan garin da ya san ruwan kamar tafin hannunsa. Shi ya koya mini cewa a nan ba agogo ake dubawa ba, cikar ruwa da janyewarsa ake dubawa. Sau biyu teku ke cika a yini da dare, kuma kullum lokacin yana ja baya da kusan minti 50, ya fi ƙarfi a tsayuwar wata da tsakiyarsa. In teku na cika, ruwan gishiri mai haske yana kutsowa cikin kogin, har kana ganin layin da ya raba shi da ruwan kogi mai launin shayi. A bakin layin nan mafarautan kifi suke jira: barakuda mai haƙora kamar na kare, da jan kifi, da wani mai gemu da kan yi girman mutum. In ruwa ya tsaya cak, ba cika ba janyewa, to ka ajiye sanda ka ci guzurinka. Sannan akwai hannun ɗan Adam a ciki, domin tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965 ruwan da ke isowa nan gwargwadon wanda aka saki ne. Da aka buɗe ƙofofinta a ƙarshen 2023, garuruwa irin su Mepe nutsewa suka yi, ruwan daɗi ya mamaye bakin kogin. Mun yi awa huɗu, na kamo barakuda ɗaya mai tsawon damtse da wasu ƙanana biyu. Yadda ya fizgi zaren sai da gabana ya faɗi, kuma a lokacin na gane abin da ke fitar da ɗan yayata daga bargo cikin sanyin Amurka.

Abin da ya fi ɗaure wa saurayin kai, ko da yake ya saba gani, shi ne masu kuɗin nan in sun sha wahala sun jawo malin har gefen jirgi, sai su ɗauki hoto su cire ƙugiya su sake shi. Ya ce, "Alaji, naman da zai ciyar da unguwa guda fa." Ni ma zuciyata ta fi karkata wajensa. Duk abin da ke cikin teku halal ne a mazhabarmu, amma malamanmu sun karhanta farauta don wasa kawai, kuma ban ga daɗin wahalar da dabba awa uku don hoto ba. Sai dai akwai wani abu a cikin sakin da ya kamata a faɗa. Manyan malin ɗin nan kusan dukkansu mata ne, mazan ba sa girma haka, kuma uwa ɗaya tana zuba ƙwai miliyoyi. Wanda ya sake ta, ko da niyyarsa wasa ce, ya bar iri a ruwa. Makiyayi ma ba ya fara yanka saniya mai ciki. Ni dai nawa ukun a gasa aka yi su da yaji a bakin ruwa, muka cinye da dokunu.

Ga mai son ya kai iyali, a kula da 'yan abubuwa. In saukar kifi da arahar banda kake so, Agusta da Satumba ne, a Elmina, cikin duhun wata. In shiga jirgi kake so, ka bari sai daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da teku ya fi kwanciya, ko da yake ƙurar hunturu kan rufe gaɓa har matuƙi ya kasa hango tudu. Daga Yuni zuwa Satumba raƙuman ruwa suna da ƙarfi. Mashigar da kogi ke karo da teku a Ada wuri ne mai haɗari ko ga 'yan gari, kada wani ya ruɗe ka da cewa zai fitar da kai ta nan a ƙaramin jirgi. Ka nemi rigar ceto ga kowa kafin a tayar da inji, in babu a fasa. Yaranmu na zango ba su iya iyo ba, tekun Ghana kuma yana da ja ta ƙasa, ruwa iya gwiwa yana iya ɗauke babban mutum. Su yi wasansu ta ɓangaren kogi, ido na kansu. Tekun yana cin ƙasa ma: tsohuwar ganuwar da mutanen Denmak suka gina a Ada ta tafi cikin ruwa, kuma a ƙauyuka irin su Totope yashi da ruwa sun binne gidaje.

Kafin ka bar yankin ka tsaya a Big Ada ka ga masu nutso. Ba kifi suke nema ba, wata ƙumba ce ta ruwan daɗi da suke kira adodi, wadda ake soyawa a tsire a sanda ana tallarta ga matafiya a gadar Sogakope. Suna nutsawa ƙasan kogi da tiyo a baki, injin iska na bugawa a cikin jirgi. Su ma ba sa fita ran Talata, kuma daga ƙarshen Disamba zuwa wajen Maris suna ajiye aikin gaba ɗaya bisa dokar sarakunansu. Ɓawon ba a zubar da shi. Tsibi-tsibi za ka gan shi a bakin hanya kamar dalar gyaɗa, ana ƙona wani a yi farar ƙasa ta shafen ɗaki, ana niƙa wani a zuba a buhu a sayar wa masu kiwon kaji don ƙwai ya yi ƙwari.